Uwarɗaki da Gangunan da Ido Ba Ya Gani

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa. Mai gadin sashenmu ya ce bai taɓa duba agogo da safe ba, sallamarta ta ishe shi. Takan karɓi mabuɗi, ta hau bene na biyu, ta bi baranda har ƙurya, inda wata ƙofar ƙarfe take da ba kowa ke da izinin taɓawa ba. A nan take cire takalmi, ta wanke hannu har gwiwa, ta zura farar riga mai rufe mutum tun daga kai har tafin ƙafa, ta ɗaura takunkumi, ta sa safar hannu. Ba hoda, ba turare, ba man shafawa. Kafin ta taɓa komai sai ta tsaya ta saurari ɗakin, don daga kukan injin zuƙar iska take gane ko ranar za ta yi kyau ko za a sha fama. Sannan ta zauna gaban madubin ƙara girma, hantsaki a dama, salatif a hagu, ba za ka ƙara ganin fuskarta ba sai azahar.

Shekara talatin da uku ta yi a sashen fiziks na jami'armu, goma sha biyar na ƙarshe a wannan ɗakin. Ba malamar aji ba ce, ba ta da digirin da ake kiran mutum da shi. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, irin waɗanda ake kira a ce su haɗa, su kwance, su goge, in an zo ɗaukar hoto kuma a ce su ɗan matsa gefe. Ɗalibai suka sa mata Uwarɗaki, don ɗakin nata ne, kuma duk wanda ya shiga ya zama ɗan ɗakinta. A gabanta Anti muke cewa. Watan jiya ta yi ritaya. Ba a sanar a ko'ina ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in faɗa muku aikinta yadda ita ta faɗa mini ranar da na fara zuwa, ina sabon ɗalibin digiri na uku, ina ji da kaina.

"Daktan gobe," ta ce da ni, don haka take kiran duk wanda bai gama ba, "ka san baƙin nan na cikin fensir?"

Na ce na sani.

"To shi muke ɓarewa da salatif. A manna, a ɓare, a manna, a ɓare, har ya rage fallen da ba a iya raba shi biyu. Shi ne girafin. Sai mu shimfiɗa shi a kan wani ɗan rami da aka haƙa a jikin guntun silikon, irin wanda ake sawa a cikin kwamfuta, ya zama kamar fatar ganga. Faɗin gangar bai kai kaurin gashin girarka ba. In muka ba ta wuta sai ta riƙa kaɗawa, sau miliyoyi kafin ka ƙifta ido, hasken leza yana ƙirga mana. In ƙwayar wata iska ta sauka a kanta, nauyi ya ƙaru, muryarta ta sauya. Da haka ganga ke zama hanci. Ka gane, ko in sake?"

Na ce ai duk na karanta wannan a littafi. Ta miƙo mini hantsaki ta ce bismillah. A ranar na fasa guntaye goma sha ɗaya. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce littafin nawa bai da yatsu.

Matsalar da ta cinye ƙuruciyarmu duka ita ce gangar ba ta riƙe ƙarfinta. Ka kaɗa ta, kafin ta yi kai-komo tamanin ko ɗari ƙarfin ya zurare, ta mutu. Gangar da ke saurin mutuwa kuwa muryarta dusashshiya ce, ba ka iya bambance ƙaramin sauyi a cikinta, hancin ya zama na mai mura. A fuskar kwamfuta abin a fili yake. Ganga mai lafiya layinta tsini yake yi sama kamar ƙaya. Mai zubar da ƙarfi kuma sai ka ga ɗan tudu mai faɗi, ba kai ba gindi. Ina ƙarfin yake tafiya? Farfesa, shugaban binciken, ya cika allo da lissafi. Mu ɗalibai muka cika kwandon shara da takardu.

Ita kuwa littafi ta saya, irin na 'yan makaranta. Duk gangar da ta yi sai ta zana bakinta da hannu yadda ta gan shi a madubi, ta rubuta yadda ta wanke guntun, da zafin da ta gasa shi, da yawan kaɗawar da ya yi kafin ya mutu. Shekara huɗu tana wannan ba wanda ya sa ta. Wata rana muna taron mako, Farfesa yana bayani, ta ɗaga hannu daga bakin ƙofa inda take zama.

"Ranka ya daɗe, in ce wani abu?"

"Malama, in maganar man injin ce, bari mu gama."

"Ba ita ba ce. Gangunan da ke saurin mutuwa, duk bakinsu a tattare yake kamar zanin gadon da aka shimfiɗa da gaggawa. Ta nan ƙarfin ke tsiyaya. Da kuma dattin da salatif ke bari. In na shimfiɗa daga gefe ɗaya a hankali, guntun yana da ɗumi, bakin yakan kwanta lif, fatar ta ɗaure."

Wani a cikinmu ya yi dariya. Ta ajiye littattafai tara a kan tebur ta koma wurinta. Farfesa ya buɗe na farko a tsaye, bai kai na uku ba ya jawo kujera ya zauna. A cikin wata biyu gangunanta suka tashi daga kaɗawa ɗari zuwa sama da dubu biyu. Na ga Farfesa da idona yana tafi shi kaɗai gaban kwamfuta kamar yaro.

An buga sakamakon a mujallar masana ta ƙasar waje. Sunaye biyar ne a sama, har da nawa, ni da na fasa goma sha ɗaya. A can ƙasa, cikin ƙananan baƙaƙe, an ce ana godiya ga ma'aikatan ɗakin gwaji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Na kai mata kwafi ina sunkuyar da kai. Ta duba hoton gangar da ke shafin farko ta ce, "Wannan ta ranar Talata ce, na gane ta. Ta yi kyau a hoto." Ta koma kan madubinta.

Anti, ke ce kallabi tsakanin rawuna. Ke kika gani da ido abin da mu muka kasa gani da lissafi, kika ba mu, muka sa hannu a kai, ba ki taɓa goranta mana ba.

Sai daga baya na san abin da ya ɗaure ta a ɗakin nan. Wata gidauniya ce ke ɗaukar nauyin binciken, bisa alkawarin za a ƙera ɗan hanci mai araha da za a zura a rijiya ko rami kafin mutum ya sauka, ya faɗa in iskar ƙasa mai kisa ce. Mu wannan maganar takarda ce a wurinmu, abin da ake rubutawa don a samu tallafi. Ita ba haka ta ɗauke ta ba. Yayanta mahaƙin rijiya ne. Tana budurwa ya sauka yasar wata tsohuwar rijiya da hantsi, aka ji shiru. Abokin aikinsa ya bi shi, shi ma aka ji shiru. Da ƙugiya aka fito da su. Sau ɗaya ta ba ni labarin, tana goge hantsaki, ba ta ɗago ba.

"Ba wari, ba hayaƙi," ta ce. "Da akwai abin da zai ce masa kada ka sauka, da yanzu yana nan yana damuna da surutu."

To amma akwai abin da duk muka sani muke kauda kai. Kaɗawa dubu biyun nan a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska ake samunta. Da zarar iskar duniya ta shiga, sai ta danne fatar kamar an ɗora wa ganga tafin hannu. Kaɗawa huɗu, biyar, shi ke nan. Rijiya kuwa ba a zuƙe mata iska.

A shekara ta tara gidauniyar ta aiko mutum uku su ga inda aka kwana kafin a sabunta tallafi. Ana gobe za su zo Farfesa ya shigo ɗakin, ina gefe ina shirya wayoyi. Ya ce a tura injin zuƙar iska bayan allon katako, a rufa masa bargo don kada a ji kukansa, a nuna wa baƙi gwajin a haka.

"Ba ƙarya za mu yi ba, Malama," ya ce. "Za mu nuna abin da ke aiki, mu yi shiru a kan sauran. In suka ƙara mana shekara biyar, wa ya sani, mu gano maganin."

"Ranka ya daɗe, shirun ma magana ce."

"Ɗalibai bakwai ne a wuyana. Kina so in sallame su?"

Ta ajiye hantsakinta. Sannan ta ce, "Zan tura injin. Zan yi gwajin. Amma in aka tambaye ni, zan amsa."

"Wa zai tambaye ki?" in ji shi. Ba da wulaƙanci ya faɗa ba. Shekarunsa a aiki bai taɓa ganin baƙo ya yi wa ma'aikacin ɗakin gwaji tambaya ba.

Washegari komai ya tafi daidai. Ta saki 'yar iskar gwaji cikin akwati, tsinin da ke fuskar kwamfuta ya gusa, baƙi suka yi tafi. Har an fara musabaha, sai wata dattijuwa a cikinsu, mai tabarau a rataye a wuya, ta juyo wurin Uwarɗaki.

"'Yar'uwa, ke ce hannunki ke kai. In na ɗauki wannan yau na zura a rijiya, zai yi aiki?"

Na ga Farfesa ya buɗe baki. Ta riga shi. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta zagaya bayan allon, ta yaye bargon, ta kashe injin, ta murɗa makunnin da ke barin iska ta shiga akwati. Muna kallo tsinin nan ya rusuna, ya baje, ya zama layi kwance.

"Ga amsar," ta ce. "Iska na danne ta, ba mu gano maganin wannan ba tukuna. Wanda ya dogara da ita a yau ya sauka rami, ba zai fito ba. Amma mun yi nisa. Ku ba mu lokaci."

Dattijuwar ta kama hannunta ta yi godiya, ta ce ta daɗe ba ta ga irin wannan ba. Bayan wata huɗu takarda ta zo. Sun yaba da gaskiyarmu, sun mai da tallafin wani wuri.

Ana cewa gaskiya dokin ƙarfe ce. Ni dai na ga ta kayar da mai ita. Ɗalibai huɗu suka watse, biyu suka nemi ƙasar waje. Mutanen da take ba aron kayan aiki shekara da shekaru suka riƙa sauya hanya in sun hango ta. A ɗakin shan shayi aka sa mata sabon suna, Mai Kashe Inji. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya a wannan rubutu, ni ma ina ciki. Saura mini shekara guda in gama, matata na da tsohon ciki, na ga kamar ta rushe mini gini ina kan ɗora rufi. Wata takwas ban gaishe ta gaisuwar kirki ba. In na shigo sai in ce "sannu" ina kallon bango.

Duk da haka, kowace Litinin nakan tarar da sababbin ganguna a jere cikin akwatina, da 'yar takarda mai lambobinsu. Na ɗauka cikin tsofaffin ajiya ake ɗebo mini. Sai bayan na kare digirina mai sharar benenmu ta tare ni a matakala.

"Dakta, ka je ka gode wa baiwar Allah nan kuwa?"

Na ce da aka yi me?

"Au, ba ka sani ba? Injin zuƙar iskar nan ai ya mutu tun bara, an ce ba halin gyara. Ita da maigidanta suke zuwa duk Asabar. Shi da gyaran keken ɗinki ya sani, amma haka zai baje kayan injin a kan jarida, tana karanta masa takardar, yana ɗaurawa. In injin ya tashi ta yi maka gangunanka kafin ya sake mutuwa. Na ce mata, yaron da ko gaishe ki ba ya yi? Ta ce, 'Bar shi, tsoro ne ke damunsa, ba rashin kunya ba.'"

Na hau bene na same ta a gaban madubi. Na durƙusa. Ta ce, "Tashi, Dakta, za ka tayar mini da ƙura."

Ina ma a ce daga nan labarin ya gyaru. Bai gyaru ba. Na nemi aikin bincike har takalmina ya ƙare, yau lissafi nake koyarwa a sakandare. Ita kuma shekara biyar ta ƙara tana buɗe ɗakin nan ba ɗalibi ko ɗaya. Ta ci gaba da gwada gangunan a cikin iska, ta rage faɗinsu, ta sauya zurfin ramin, tana rubutawa. Ranar da na kai mata ziyara ta nuna mini shafi, fuskarta a sake.

"Na kai tara," ta ce.

"Tara me, Anti?"

"Kaɗawa tara, daga huɗu."

Ni da ita mun san ana bukatar ɗaruruwa. Muka tsaya muna kallon lambar. Ba wanda za ta kai wa ita. Farfesa ya koma aikin ofis, ya daina hawa benen ma.

Walimar sallamarta a baranda aka yi, mutum shida, da lemon kwalba da faranti mai tambarin jami'a. Tun ba mu watse ba leburori suka fara fitar da kaya, don an ba da ɗakin a mai da shi ma'ajiyar takardun jarrabawa. Akwatunan gangunanta, aikin shekara goma sha biyar, wani ya buɗe ɗaya ya ga kamar fasassun gilasai, ya juye su duka a buhu. Tana tsaye tana gani. Na yunƙura, ta riƙe mini hannun riga.

"Bar shi. An riga an buɗe, ƙura ta hau. Sun mutu."

Farfesa bai zo ba. Na ci karo da shi a wurin ajiye motoci, ya tsufa ƙwarai. Na ce masa yau Malama ke tafiya. Ya ce ya sani. Ya daɗe yana juya mabuɗin mota a hannu, sannan ya ce, "Ta yi daidai. Kullum ina faɗa wa kaina ta yi daidai. Amma daidai ɗin nan ya cinye mu duka, kuma na kasa haɗa ido da ita." Ya shiga mota ya tafi.

Makon jiya na je gidanta. Littattafan nan, arba'in da ɗaya, suna jere a kan kabad ɗin falo, inda wasu ke jera kwanuka. Na ce zan nemi mai bugawa a kwamfuta don kada su salwanta.

"Buga," ta ce, "amma rubutu ba ya koya wa hannu. Yadda ake sauke fallen nan, sai na riƙe hannun mutum ya ji da kansa."

Ta ɗauko tsohon hantsakinta za ta nuna mini da ɗan ƙyallen takarda. Sai na ga bakin hantsakin yana rawa. Ta sake gwadawa, takardar ta faɗi. Ta gwada na uku. Ashe shekara biyu ke nan hannun yana karkarwa, take ɓoyewa, tana tokare gwiwar hannu da tebur. Maigidanta ya so ya rage nauyin abin, ya ce, "Yanzu ai ta huta, ita ce ke kaɗawa da kanta ba sai an ba ta wuta ba." Ta harare shi ta yi dariya, mu ma muka yi, dariyar ba ta je ko'ina ba.

Da ya fita raka wani baƙo, ta rage murya.

"Dakta, tsakaninka da Allah. Da na yi shiru ran nan, da an ba mu shekara biyar ɗin. Wataƙila da mun gano. Kana ganin na yi kuskure?"

Na ce a'a, Anti, ba ki yi ba.

"Haka nake cewa ni ma," ta ce. "Wata rana in yarda, wata rana in kasa."

Anti, ba ni da abin da zan cire miki wannan da shi. Ba zan ce miki duniya za ta tuna ba, don na ga buhun da aka zuba aikinki. Ba zan ce an ƙera hancin nan ba, don har yau mutane na sauka rami da addu'a kawai. Abin da na sani shi ne, ke ce kika tsaya a ɗakin da kowa ya zaɓi shiru, mafi ƙanƙantar muƙami a cikinmu, kika ƙi a sayar wa mutane abin da zai kashe su. Ke ce kika yi wa wanda ya juya miki baya aiki a ɓoye har ya tsaya da ƙafarsa. Duk ɗalibin da na koya wa kada ya gyara lamba don ta yi kyau, daga bakinki ya ji, ko da bai san ki ba. Na gode. A madadin mu bakwai, da waɗanda suka gudu da waɗanda suka yi fushi, na gode, kuma ki yafe mana. Allah ya saka miki da abin da mu muka kasa, ya ba ki lafiya, ya jiƙan yayanki.

Ku kuma masu karatu, a duk inda kuke aiki akwai irinta, mai zama a bakin ƙofa ranar taro. Ku tambaye ta abin da ta gani. Ku sa sunanta a sama tun tana da rai. In ranar ta zo muku da za a ce ku yi shiru kawai, ku yi abin da ta yi, amma kada wani ya ruɗe ku cewa za a biya ku, don ita ba a biya ta ba.

In kuma akwai mai son koyon wannan aiki a cikinku, mace ko namiji, ta ce ƙofarta a buɗe take kullum bayan la'asar, ba ta son ko sisi. Ta share tebur, ta sayi sabon salatif. Yau wata guda ke nan ba wanda ya je koyo. Likita ya ce ciwon hannun gaba zai yi ta yi, baɗi war haka da wuya ta riƙe cokali da kanta. Wanda zai je, ya je bana.